Yadda manhajar rahoton kasuwanci ke kasa bayanai rukuni-rukuni, da dalilin da ya sa ba ta san inda Sabon Tasha take ba

Duk wanda ya taɓa sauke bayanin hada-hadar wata guda daga manhajar banki ko ta na'urar POS ya san yadda abin yake: layi bayan layi, kwanan wata, suna, kuɗi, har yatsa ya gaji da jan allon waya. Mai shagon da ke ciniki sau 80 a rana zai tara layi 2,400 a wata. Komai na cikin jerin nan, amma ba ya amsa ko da tambaya ɗaya daga cikin waɗanda ke hana ɗan kasuwa barci. Wace unguwa ce ta fi kawo kuɗi? Wane kaya ne ke kwantai? Wane yaro ne ke sakaci da karɓo bashi?

Aikin da ke mayar da layi 2,400 ya koma layi shida ko bakwai da ido zai iya ɗauka shi ne kasa bayanai rukuni-rukuni. Shi ne ƙashin bayan kusan kowane rahoto da ake gani a Excel, Google Sheets, Power BI, Tableau da Looker Studio. Manhajojin nan ba sa kuskuren tarawa. Inda ake samun matsala shi ne wajen zaɓen abin da za a tara da me, kuma wannan hukunci na mutum ne. Ɓangaren garin Kaduna da ke kudu da kogi wuri ne mai kyau na ganin yadda hukuncin ke iya karkacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da manhajar ke yi a zahiri

A ɗauka akwai wani dilan lemo da ruwan roba da ke da sito a Kakuri, yana da a-kori-kura guda biyu da yara masu kai kaya shaguna. Duk cinikin da aka yi ana rubuta shi a layi ɗaya na jadawali. Layukan tsaye, waɗanda ake kira ginshiƙai, guda biyar ne: kwanan wata, unguwa, sunan yaron da ya kai kayan, irin kayan, sai kuɗin.

Idan aka ce wa manhaja ta kasa bayanan bisa unguwa, matakai uku take bi. Za ta duba ginshiƙin unguwa ta ware kowane suna da ta gani daban. Za ta kwashi duk layin da ke ɗauke da suna iri ɗaya ta zuba shi wuri guda, tamkar mai tumatir da ke kasa kayansa kashi-kashi a kan buhu. Daga nan sai ta yi wa kowane kashi lissafin da aka nema: jimilla, ko ƙidayar layuka, ko matsakaici, ko mafi girma da mafi ƙanƙanta. Sakamakon shi ne ƙaramin tebur: Barnawa kaza, Makera kaza, Television kaza, Narayi kaza.

Saboda haka kowane rahoto yana da ɓangare biyu, abin da ake kasawa da shi da abin da ake lissafawa. Sunayen da manhajoji ke ba su ne kawai suka bambanta. A Excel ana jan na farko zuwa akwatin Rows na PivotTable, na biyun zuwa akwatin Values. Tableau da Looker Studio suna kiran na farko Dimension. A harshen SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙira a kamfanin IBM cikin shekarun 1970, kalmomi biyu ne ke yin aikin: GROUP BY. Tsohuwar manhajar Crystal Reports, wadda yanzu ke hannun kamfanin SAP na Jamus, tana buga wa kowane rukuni kan magana a sama da jimillarsa a ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe doguwar takardar rahoton ofis ya ga irin tsarin.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Lokacin da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, akawu ne ke wannan aiki da biro da babban littafi. Ko da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar a 1975, ba a ƙirƙiro manhajar jadawali ta kwamfutar tebur ba tukuna. Abin da zamani ya sauya shi ne sauri. Manhajar Lotus Improv ta 1991 ce ta fito da salon jan ginshiƙi a ajiye a ga tebur ya juya nan take, Microsoft kuma ya saka PivotTable a Excel 5. Power BI ya fito ga kowa a 2015. Akawun da can yana ɗaukar kwanaki kafin ya kammala rahoto ɗaya, don haka yana da lokacin tsayawa ya tambayi kansa ko rukunin da ya zaɓa yana da ma'ana. Yau daƙiƙa biyu sun isa, shi ya sa mutane da dama ba sa tsayawa.

Kaduna ta Kudu guda uku

Ga inda abin ke da daɗin nazari. A ce dilan na Kakuri yana son sanin nawa yake samu a ƙetaren gada, wato ɓangarensa na kogi, domin ya yanke shawarar ko ya dace motarsa ta ci gaba da shiga cunkoson shataletalen Station tana haura gadar kusa da filin wasa na Ahmadu Bello zuwa cikin gari. Ɗan'uwansa mai ilimin kwamfuta ya ƙara masa ginshiƙin ƙaramar hukuma, ya kasa bayanan da shi, ya nuna masa layin da aka rubuta Kaduna ta Kudu.

Lissafin daidai ne, amsar kuma ba ta tambayarsa ba ce. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, tana da mazaɓu 13, kuma biyar ne kacal daga ciki ke kudu da kogin: Makera, Barnawa, Television, Kakuri Hausa da Kakuri Gwari. Tudun Wada da Kasuwar Barcinta, Unguwar Sanusi, Badiko da Tudun Nupawa duk na wannan ƙaramar hukuma ne, amma sai an haye kogi ake zuwa su. A ɗaya hannun, Sabon Tasha, Narayi, Nasarawa, Gonin Gora da Maraban Rido, waɗanda duk ɗan Kaduna zai ce kudancin gari ne, suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Chikun mai hedikwata a Kujama. Ita kuma Chikun ta miƙe har ƙauyuka masu nisa irin su Gwagwada da Kuriga, inda motar lemon Kakuri ba ta taɓa zuwa ba.

Wato layin da aka nuna wa dilan ya haɗa masa cinikin Tudun Wada, wanda shi ne ainihin abin da yake son cirewa, ya kuma zubar da cinikin Sabon Tasha, wanda mai yiwuwa shi ne mafi tsoka. Idan ya dogara da wannan tebur ya soke hanya ko ya rage yaro, ya yi hukunci a kan taswirar da ba ta hanyar motarsa ba.

Akwai kuma Kaduna ta Kudu ta uku, wadda ke rikita baƙi. Mazaɓar sanata mai wannan suna ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas daga cikin 23 na jihar: Jema'a, Jaba, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Kataf. Kafanchan da Zonkwa suna can. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu da Chikun ba sa ciki, su na mazaɓar Kaduna ta Tsakiya ne. Ma'aikacin da ke zaune a babban ofishin kamfani a Legas yana haɗa rahoton ƙasa baki ɗaya zai iya ganin sunan a fayil biyu ya ɗauka abu ɗaya ne. Manhajar ba za ta tsayar da shi ba, domin abin da take gani haruffa ne masu kama da juna.

Maganin ba shi da wahala, kuma ƙwararru da shi suke aiki. Ana buɗe ƙaramin jadawali na biyu da kowace unguwa ke da layi ɗaya tak. A gabanta a rubuta ƙaramar hukumarta, ɓangaren kogin da take, da hanyar motar da ke kai mata kaya: hanyar Kachia ga Sabon Tasha da Maraban Rido, hanyar Abuja ga Gonin Gora, titin Nnamdi Azikiwe ga Nasarawa. Sai a haɗa jadawalin biyu da VLOOKUP ko XLOOKUP, a Power BI kuma a ja alaƙa tsakaninsu. Daga nan bayanai iri ɗaya za su iya amsa tambaya uku. Ranar da ake maganar haraji ko rajista a kasa da ƙaramar hukuma, ranar lissafin man mota a kasa da hanya, ranar shawarar haye gada a kasa da ɓangaren kogi. Power BI da Tableau suna ba da damar zaɓo sunaye da hannu a ɗaure su rukuni ɗaya, kuma hakan na da amfani idan ana sauri. Sai dai irin wannan ɗauri yana ɓoye ne a cikin rahoton, wanda ya gaji aikin ba zai san dalilinsa ba. Jadawali na biyun kowa na iya buɗewa ya gani ya gyara.

Unguwa ɗaya, suna biyar

Kafin ma a kai ga ƙaramar hukuma akwai matsalar da ta fi kowace yawa. Yaro na farko yana rubuta Sabon Tasha. Na biyu yana rubuta Sabo. Matar da ke riƙe da littafin sito tana rubuta S/Tasha. Wani ya rubuta Sabon Tasha daidai amma yatsansa ya danna tazara a ƙarshe, wadda ido ba ya gani. Ga manhaja waɗannan unguwanni huɗu ne, kowace da jimillarta, kuma unguwar da ya kamata ta zo ta ɗaya a teburin za ta watse ta koma ta huɗu, ta bakwai da ta goma. Unguwan Romi ta fi shan wahala: Ungwan Romi, Unguwar Romi, Angwan Romi, U/Romi, Romi kawai. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, inda mai allon rubutun Hausa a wayarsa zai rubuta ƙ, abokin aikinsa ya rubuta k.

Ita Sabo ɗin ma tana da haɗarinta. Mutumin kudancin gari idan ya ce Sabo, Sabon Tasha yake nufi. Wanda ya zo daga Zariya zai iya ɗauka Sabon Gari ce.

Ana iya share wannan datti bayan ya taru. TRIM yana cire tazarar da ta yi yawa, kuma Power Query, injin gyaran bayanai da ke cikin Excel da Power BI, yana iya maye gurbin rubutu ɗaya da wani a dukkan layuka lokaci guda. Amma hana shi shigowa ya fi sauƙi. A Google Sheets da Excel ana iya mayar da ginshiƙin unguwa ya zama jerin zaɓi, ta yadda yaro zai taɓa ya zaɓa maimakon ya rubuta. Google Forms ma yana yin haka, kuma amsoshin suna zuba kai tsaye cikin jadawali. Minti goma na shirya jerin ya fi yinin Lahadi guda na gyara.

Hanya mafi sauri ta gane ko akwai matsalar ita ce a kasa bayanan bisa unguwa a nemi ƙidaya kawai, a jera sunayen bisa haruffa. Dilan da ya san unguwa 12 yake kai wa kaya, ya ga layi 19, ya san aikin da ke gabansa.

Watan Maris na bana da na bara

Kasawa bisa lokaci ita ce wadda manhajoji suka fi sauƙaƙawa. A PivotTable ana danna kwanan wata a zaɓi Group, sai a ɗauki wata, zangon wata uku ko shekara. Akwai ƙaramin tarko a nan: wanda ya zaɓi wata kaɗai bai haɗa da shekara ba, Excel zai zuba Janairun 2024 da Janairun 2025 a kashi ɗaya.

Babban tarkon kuwa na kalanda ne, kuma kudancin garin Kaduna, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya, yana nuna shi ƙarara. A 2024 an yi Ista ranar 31 ga Maris, Ƙaramar Sallah kuma ta kama 10 ga Afrilu. A 2025 sai suka yi musaya: Sallah ta faɗo 30 ga Maris, Ista ta koma 20 ga Afrilu. Mai sayar da lemo, kaji, atamfa ko shinkafa da ya kwatanta Maris da Maris zai ga abin mamaki. A unguwar da cinikin Ista ya fi ƙarfi zai ga Maris ɗin 2025 ya faɗi, a inda cinikin Sallah ya fi ƙarfi ya ga ya yi tsalle. Idan ya haɗa dukkan unguwannin wuri guda, faɗuwar da tashin za su iya cinye juna, teburin ya nuna kamar babu abin da ya motsa, alhali kayan da ake nema da wuraren da ake neman su duk sun sauya. Kirsimeti ce kaɗai ke zaune a wurinta. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma babu maɓallin kasawa bisa wata da ya san da hakan.

Gyaran a nan ma jadawali ne na gefe, wannan karon na kwanaki, inda ake yi wa kowace rana alama: azumi, makon Sallah, makon Ista, makon Kirsimeti, komawa makaranta, ko rana ta yau da kullum. Da shi ne za a iya kwatanta makon Sallah da makon Sallah. Kasawa bisa ranar mako ma tana buɗe ido. Mai shago kusa da kasuwar Monday ta Kakuri ba ya bukatar manhaja ta gaya masa Litinin daban ce, amma tebur zai nuna masa girman bambancin da lamba, kuma da lambar ce zai san kayan da zai tanada ranar Asabar.

Sai a kula da yadda ake rubuta kwanan watan kansa. Ɗan Najeriya idan ya rubuta 3/4/2025 yana nufin 3 ga Afrilu. Jadawalin da aka saita bisa tsarin Amurka zai karanta shi 4 ga Maris. Idan kuma aka rubuta 25/4/2025, zai rasa wata na 25, ya ajiye shi a matsayin rubutu zalla, daga baya Excel ya ƙi kasa ginshiƙin gaba ɗaya. Rubuta shekara da farko, kamar 2025-04-03, yana kashe gardamar.

Akwai wani abu da ya shafi naira. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin kusan komai ya tashi. Rahoton da ke tara kuɗi kaɗai zai iya nuna ciniki na hawa wata bayan wata alhali yawan katan ɗin da ke fita daga sito raguwa yake. Ya kamata kowane tebur na wata-wata ya ɗauki ginshiƙi biyu, na naira da na adadin kaya, kafaɗa da kafaɗa.

Lokacin da jimilla ke zaluntar yaro

Wannan ɓangare ne ya fi cancantar a karanta a hankali, domin a nan ne tebur ke iya raba mutum da abincinsa. A koma ga dilan Kakuri da yaransa biyu, da lambobin da aka tsara don misali kawai. Kowannensu yana da kwastoma 100 da ke karɓar kaya bashi. A ƙarshen wata rahoto ya nuna kwastomomin yaro na farko 66 ne suka biya a kan lokaci, na yaro na biyu 78. Maigida ya fara tunanin wanda zai sallama.

Yanzu a ƙara rukuni na biyu, girman shago. Yaro na farko yana da manyan shaguna 20, 18 sun biya, kashi 90 cikin 100 ke nan. Yana da ƙananan kes-kes 80, 48 sun biya, kashi 60. Yaro na biyu yana da manyan shaguna 80, 68 sun biya, kashi 85. Ƙananansa 20 ne, 10 sun biya, kashi 50. A manyan shaguna na farko ya fi. A ƙananan ma na farko ya fi. Abin da ya ja shi ƙasa a jimilla shi ne an ɗora masa lungunan da biyan bashi ke da wuya, abokinsa kuma an ba shi manyan kantuna na bakin titi.

Masana ƙididdiga suna danganta wannan juyi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951. Shahararren misalinsa ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, inda alƙaluman ɗaukar ɗaliban babban digiri suka nuna an ɗauki kusan kashi 44 na maza masu nema da kusan kashi 35 na mata. Da aka kasa bayanan sashe-sashe, sai aka ga mata sun fi neman sassan da ke da wahalar shiga ga kowa, kuma a yawancin sassan babu fifikon da jimillar ta nuna. Babu manhajar da za ta kunna jar fitila idan haka ta faru. Abin da ake yi shi ne, kafin a hukunta mutum ko hanya da tebur mai rukuni ɗaya, a saka na biyu a ƙarƙashinsa a ga ko labarin bai juya ba.

Ƙanwar wannan matsala ita ce matsakaicin matsakaitai. A ce an yi ciniki 10 a Barnawa, matsakaicinsu naira 50,000, an yi 90 a Television, matsakaicinsu naira 5,000. Wanda ya haɗa lambobin biyu ya raba biyu zai samu 27,500. Gaskiyar ita ce an tara naira 950,000 a ciniki 100, wato 9,500 kowanne. PivotTable yana lissafa layin ƙarshe daga asalin bayanan, don haka yana ba da 9,500. Kuskuren yana shigowa ne idan mutum ya kwafe ƙaramin teburin zuwa wani shafi ya ci gaba da lissafi a kansa.

Haka nan ƙidaya iri biyu ce. Layi 300 a Narayi na iya zama kwastoma 300 da suka zo sau ɗaya, ko 30 da suka zo sau goma-goma. Power BI da Google Sheets suna da zaɓin ƙidayar da ba ta maimaita suna, kuma ita ake so idan tambayar ta yawan mutane ce.

Inda aka ja layi

Ba kowane ginshiƙi ne ke da sunaye ba. Kuɗi lambobi ne, kuma kafin a kasa su sai an yanka su zango-zango: ƙasa da 5,000, daga 5,000 zuwa 10,000, da sauransu. Ga mai POS a bakin kasuwar Sabon Tasha wannan ne rahoton da ya fi amfani, tunda caji bisa zango yake tafiya, kuma yawan tsabar kuɗin da zai nemo da safe ya danganta da zangon da ya fi cika.

Abin lura shi ne mutane suna cirar kuɗi a dunƙule, 5,000 cif, 10,000 cif. Don haka tambayar ko 5,000 ɗin tana zangon ƙasa ko na sama ba ƙarama ba ce, tana iya kwashe ɗaruruwan layuka daga wannan kashi zuwa wancan. Idan Excel ya yanka da kansa yakan fara sabon zango daga kan lambar, wato 5,000 ta tafi sama. Idan mai POS yana cajin 5,000 a farashin zangon ƙasa, teburin zai ƙiyasta masa ribar da bai samu ba.

Mazauna Kaduna sun riga sun san nauyin irin wannan layi daga takardar wuta. An kasa layukan lantarki zuwa Band A har zuwa Band E bisa awannin da aka yi alkawarin bayarwa a rana: 20, 16, 12, 8 da 4. Da hukumar NERC ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, gidaje biyu masu kallon juna za su iya biyan farashi mabambanta saboda layin da ke ba su wuta ba rukuni ɗaya ba ne. Ginshiƙi ɗaya ne a jadawalin wani ofis, amma a aljihu ake jin sa.

Abin da waya za ta iya

Mafi yawan masu karanta wannan shafi waya ce a hannunsu, don haka ga iyakarta. Power BI Desktop kyauta ne amma a kwamfuta mai Windows yake aiki, manhajarsa ta waya ta duba rahoton da aka riga aka gina ce. Looker Studio, wanda Google ya sauya wa suna daga Data Studio a 2022, ta burauza ake gina rahotonsa, kuma ƙaramin allo yana wahalar da aikin. Manhajar Google Sheets ta waya tana nuna teburin juyi da aka yi a kwamfuta, amma ƙirƙirar sabo aikin kwamfuta ne.

Abin da ke aiki sumul a waya shi ne dabarun lissafi da ake rubutawa cikin akwati. SUMIF yana tara kuɗin unguwa ɗaya, COUNTIF yana ƙirga layukanta. Wanda ya fi su ƙarfi a Google Sheets shi ne QUERY, mai aron salon SQL. Idan unguwa tana ginshiƙin B, kuɗi kuma a E, wannan layi ɗaya zai fito da teburin gaba ɗaya, kuma zai riƙa sabunta kansa duk lokacin da aka ƙara ciniki:

=QUERY(A:E,"select B, sum(E) group by B",1)

Idan aka sauya B zuwa C a wurare biyun da ke cikin alamar zance, teburin zai koma na yara masu kai kaya. Idan aka rubuta B, C a duka wuraren, za a samu rukuni cikin rukuni, irin wanda ya wanke yaro na farko a misalin baya. Masu biyan kuɗin Microsoft 365 ma sun samu makamancinsa a Excel mai suna GROUPBY, wanda aka fara gwajinsa a ƙarshen 2023.

QUERY yana da hali guda da ya kamata a sani. Yana duba ginshiƙi ya ga irin bayanin da ya fi yawa a ciki, lamba ko rubutu, sai ya ɗauki sauran tamkar babu komai a wurin. Yaron da ya rubuta 5k ko N5,000 a maimakon 5000 ya fitar da cinikinsa daga lissafi ke nan, kuma babu saƙon kuskure da zai bayyana. Shi ya sa masu hankali ke ajiye akwati biyu a saman shafin, ɗaya na jimillar teburin da aka kasa, ɗaya na kuɗin da aka ƙirga a sito da banki a wannan wata. Idan suka saɓa, wurin farko da ake dubawa shi ne ginshiƙin kuɗi, inda lambar da ta manne a gefen hagu na akwatinta maimakon dama take nuna cewa manhajar ta ɗauke ta a matsayin rubutu.